KIRAN BIDIYO A KWAMFUTA: ABIN DA ZA A YI IDAN ƘOFA TA ƘI BUƊUWA

GABATARWA

Ran 13 ga watan Mayu, 2020, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta hanyar kiran bidiyo, saboda annobar korona wadda ta hana taruwar jama'a. Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya zauna a zauren majalisa da 'yan ministoci ƙalilan, sauran kuwa suka halarta daga ofisoshinsu. Annoba ta wuce, amma wannan hanya ta zauna daram. A yau da ita ake ganawa da masu neman aiki, da ita ake tantance masu neman tallafin karatu, da ita ake ba da lacca, da ita kuma iyaye ke ganin 'ya'yansu da ke nesa.

Amfanin wannan ya fi bayyana a garuruwan da ke nesa da manyan birane. A ɗauki Mubi ta Jihar Adamawa, wadda ke gindin duwatsun Mandara kusa da iyakar Kamaru, tafiyar wajen kilomita 200 daga Yola. A nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take, da Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002. Unguwar Wuro Patuji tana daga cikin unguwannin da ɗalibai ke kama haya. Ɗalibin da ke zaune a can, idan aka gayyace shi ganawa ta bidiyo, an ɗauke masa kuɗin mota zuwa Yola ko Abuja, da kuɗin masauki, da wahalar hanya. Amma idan lokaci ya yi manhaja ta ƙi barinsa ya shiga, to, daidai yake da wanda mota ta tafi ta bari a tasha, gama masu ganawa ba safai suke jiran kowa ba.

Wannan darasi zai nuna cewa ƙin shiga ba safai yake nufin kwamfuta ta lalace ba. Galibi ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ne ya sami tangarɗa, kuma kowa na iya bincika su da kansa, bi da bi, kafin ya kashe ko kwabo wurin mai gyara.

YADDA SHIGA TAKE GUDANA

Manhajojin kiran bidiyo da aka fi sani a Nijeriya su ne Zoom, da Google Meet, da Microsoft Teams, da WhatsApp. Manhajar da ke cikin kwamfutar mutum 'yar aike ce kawai. Sunansa da kalmar sirrinsa suna ajiye a manyan kwamfutocin kamfanin, a wata ƙasa mai nisa. Idan ya danna maɓallin shiga, abubuwa huɗu ne ke faruwa cikin daƙiƙu kaɗan:

1. Manhaja ta nemi hanyar intanet zuwa kamfanin.
2. Kwamfutar mutum ta duba shaidar kwamfutar kamfani.
3. Kamfani ya gwada suna da kalmar sirri da waɗanda ke wurinsa.
4. Idan yana da shakka, ya aiko da wata lamba don ya tabbatar mai asusun ne da kansa.

Misalinsa kamar baƙon da ya nufi gidan wani babban mutum. Sai hanya ta kai shi, sai mai gadi ya yarda da takardarsa, sai ya faɗi sunan da aka san shi da shi, sa'an nan a nemi wata alama daga gare shi. Wanda hanya ta yanke masa ba shi da dalilin canza sunansa. Haka nan wanda intanet ɗinsa ya yanke ba shi da dalilin canza kalmar sirri, amma da yawa haka suke yi, su ƙara wa kansu wahala.

Akwai kuma bambanci tsakanin shiga asusu da shiga taro. A Zoom, wanda aka gayyata yakan iya shiga taro ba tare da asusu ba, muddin yana da lambar taro, mai alƙaluma 10 ko 11, da kalmar wucewa ta taron. Sai dai in mai taron ya sharɗanta cewa masu asusu kaɗai za su shiga. A Google Meet lambar taro baƙaƙe 10 ce, kashi uku. Har wa yau, idan allo ya nuna cewa a jira mai taro, wannan ba kuskure ba ne. Baƙo ya iso zaure, saura a yi masa iso.

MATAKI NA FARKO: HANYA

Abu na farko shi ne a tabbatar intanet yana isa kwamfuta. Yawancin masu kwamfuta a Mubi da makamantanta daga wayar hannu suke jawo intanet, ko daga ƙaramar na'urar modem. Alamar haɗuwa da ke gefen allo tana nuna kwamfuta ta haɗu da waya ne kawai. Ba ta tabbatar da cewa waya tana da data ba. Don haka a buɗe burauza, a nemi wani shafi da ba a taɓa buɗewa ba. Idan bai buɗu ba, an gano inda cutar take.

Sai a duba ragowar data. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta daidaita gajerun lambobi a dukkan layuka: *323# don duba ragowar data, *312# don sayen data, 300 kuma don kiran ofishin kula da masu hulɗa. A lura da irin datar da aka saya. Akwai ƙunshi mai araha wanda aka keɓe wa dandalin sada zumunta kaɗai. Mai irin wannan zai ga saƙon WhatsApp yana shigowa, ya ɗauka komai lafiya, alhali Zoom da Teams ba su da hanyar wucewa.

Idan akwai data amma sabis ba shi da ƙarfi, a kai wayar bakin taga ko a fita da ita tsakar gida, gama katanga mai kauri da rufin kwano suna rage ƙarfin sabis. A kashe datar waya a sake kunnawa. In da hali a gwada layin wani kamfani. Kiran bidiyo tsakanin mutum biyu a Zoom yana bukatar wajen kilobit 600 a daƙiƙa ɗaya, taron jama'a kuwa ya fi haka.

Zoom takan nuna lambar kuskure. Lamba 5003, da jerin waɗanda suka fara da 1041, kamar 104101 da 104103, duk ma'anarsu ɗaya ce: manhaja ta kasa isa ga kamfanin. Idan shafuka suna buɗuwa amma wannan lamba ba ta daina fitowa ba, to, wani abu ne a cikin kwamfutar ya tare hanya. Mai yiwuwa manhajar ɓad-da-sawu ce da ake kira VPN, ko manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta. A kashe VPN a sake gwadawa. A ofis ko makaranta, a tuntuɓi jami'in da ke kula da intanet na wurin, domin wasu hukumomi sukan toshe wasu manhajoji da gangan.

MATAKI NA BIYU: AGOGO DA SHEKARUN MANHAJA

Wannan shi ne matakin da jama'a suka fi mantawa da shi. Kafin kwamfuta ta miƙa kalmar sirrin mai ita, sai ta nemi kamfani ya nuna takardar shaida. Takardar tana ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare, kwamfuta kuma da nata agogon take auna waɗannan ranaku. Idan agogonta ya koma shekaru baya, za ta ga kamar takardar ba ta fara aiki ba tukuna, sai ta ƙi ci gaba. Ita a wurinta tsare mai ita take yi.

Me ke sa agogo ya ɓace? A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batiri mai kama da tsabar kuɗi, wanda aikinsa riƙe lokaci sa'ad da aka kashe ta. A kwamfutar tebur yawanci irin wanda aka rubuta wa CR2032 ne. Yana yin shekaru kafin ya mutu, amma yawancin kwamfutocin da ake saya a kasuwanninmu na hannu ne, sun riga sun yi shekaru a wata ƙasa. Idan batirin ya mutu, duk sa'ad da aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya.

Maganinsa shi ne a dubi kusurwar allo ta ƙasa, hannun dama, a karanta rana da wata da shekara. Idan ba daidai suke ba, a shiga wurin saita lokaci, a zaɓi cewa kwamfuta ta riƙa ɗaukar lokaci daga intanet. A duba yankin lokaci kuma. Nijeriya tana gaban agogon Girinwic da sa'a ɗaya, don haka a zaɓi yankin da ke da alamar UTC+01:00 na Afirka ta Yamma ta Tsakiya. Idan gobe agogon ya sake ɓacewa, a kai wa mai gyara ya canza ɗan batirin. Aiki ne na 'yan mintoci a kwamfutar tebur.

Batun lokaci yana da wani reshe. Idan mai taro yana wata ƙasa, a tabbatar da agogon wa aka sa lokacin. Saudiyya tana gaban Nijeriya da sa'a biyu. Ingila tana bayanmu da sa'a ɗaya daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watanni kuwa agogonmu ɗaya da su.

Bayan agogo sai shekarun manhaja. Tun Nuwamban 2022 kamfanin Zoom yake ɗaga mafi ƙarancin sigar da zai karɓa duk bayan wata uku. Wanda ya daɗe bai sabunta tasa ba, za a tare shi a ƙofa ko da kalmar sirrinsa daidai take. Sabuntawa tana cin data da lokaci, saboda haka ba aikin ranar ganawa ba ne. A sauko da manhaja daga shafin kamfanin kansa, kada a karɓi kwafin da ya daɗe yana yawo a filasha.

Ita ma Windows tana tsufa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairu, 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025. Sababbin manhajoji sukan ƙi zama a kan tsohuwar Windows. Game da Skype kuwa, wadda aka fara a 2003, Microsoft ta rufe ta ran 5 ga Mayu, 2025, ta mai da masu amfani da ita zuwa Teams. Duk wanda ke fama da shiga Skype a yau, sai ya haƙura ya koma Teams, ya shiga da asusunsa na Microsoft.

MATAKI NA UKU: SUNA DA KALMAR SIRRI

Sai hanya ta tabbata, agogo ya daidaita, manhaja ta sabunta, sa'an nan a waiwayi kalmar sirri. A nan ma a fara da tambaya ɗaya: ta wace ƙofa aka shiga ran da aka buɗe asusun? Zoom tana da ƙofofi da dama. Akwai ta adireshin imel da kalmar sirri, akwai ta Google, da ta Apple, da ta Facebook, da kuma ta hukumar da mutum ke wa aiki. Wanda ya buɗe asusunsa ta maɓallin Google bai taɓa sa wa Zoom kalmar sirri ta kanta ba. In ya rubuta kalmar sirrinsa ta Gmail a gurbin Zoom za a ce masa kuskure ne, ko sau nawa ya maimaita. Abin da zai yi shi ne ya danna maɓallin Google kamar yadda ya yi da fari.

Haka Teams take da asusu iri biyu: na ƙashin kai, da na aiki ko makaranta. Na biyun hukuma ce ke bayarwa, ita ce kuma ke iya rufewa ko sake kalmar sirrinsa. Ɗalibin da ya gama karatu, ko ma'aikacin da ya bar aiki, kada ya dogara da adireshin da hukuma ta ba shi.

Idan ƙofar daidai ce, a duba allon rubutu, domin sau da yawa yatsa yana danna abu ɗaya kwamfuta tana rubuta wani:

(a) Maɓallin da aka rubuta wa Caps Lock yana mai da ƙananan baƙaƙe manya, alhali a kalmar sirri babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne.

(b) A wasu ƙananan kwamfutocin cinya, idan Num Lock yana kunne, baƙaƙen J, K, L sukan fito a matsayin 1, 2, 3.

(c) Allon rubutu na Amurka da na Ingila sun bambanta. A na Amurka alamar @ tana kan lamba 2. A na Ingila tana kusa da maɓallin shigarwa. Idan an saita kwamfuta da tsarin da ba nata ba, adireshin imel zai fito ba daidai ba.

(d) Kada a sa ƙ, ɗ ko ɓ a kalmar sirri. Ranar da aka zauna a kwamfutar da ba ta da su, an kulle kai a waje.

Yawancin manhajoji suna da 'yar alamar ido a gefen gurbin kalmar sirri. A danna ta a ga abin da aka rubuta, in babu kowa a baya. Kada a yi ta cinke. Bayan kuskure da yawa a jere kamfani yakan kulle asusu na ɗan lokaci, domin yana zaton ɓarawo ne. Idan an gwada sau biyu ko uku bai yi ba, a danna wurin da aka tanada don wanda ya manta kalmarsa. Za a aiko da saƙo zuwa imel. In ba a gan shi ba, a duba akwatin tarkacen saƙonni.

Wannan ya nuna cewa imel shi ne uwar makullai. Tun Disambar 2023 Google ta fara aiki da ƙa'idar da ta ba ta damar share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Wanda wani ya buɗe masa imel a shagon intanet, ya kamata ya karɓi kalmar sirrin, ya canza ta, ya riƙa leƙawa lokaci-lokaci.

MATAKI NA HUƊU: LAMBAR TABBATARWA

Idan mutum ya shiga daga kwamfutar da kamfani bai saba gani ba, ko daga wani gari, akan aiko masa da lamba, yawanci mai alƙaluma shida, ta imel ko ta saƙon waya. Lambar tana mutuwa bayan 'yan mintoci. Idan aka nemi sabuwa, a yi aiki da ta ƙarshe.

In saƙon bai iso ba, a duba ko wace lambar waya ce ke jikin asusun. Lambar Nijeriya tana farawa da +234, kuma akan cire sifirin farko. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na iya karɓe shi ya sayar wa wani, sai saƙon tabbatarwa ya riƙa zuwa hannun baƙo. Haka kuma tun Disambar 2020 Gwamnatin Tarayya ta umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ran 14 ga Satumba, 2024. Layin da aka rufe saboda rashin haɗawa ba abin dogaro ba ne. Ana duba matsayin layi ta *996#. Mazauna ƙauyukan da ke dab da iyaka su lura da sunan kamfanin da ke saman allon waya, domin wani lokaci waya takan kama sabis na Kamaru, saƙo kuma ya yi jinkiri. Wanda ya kai kuka ga kamfanin layinsa ba a share masa hawaye ba, yana iya kiran NCC kyauta ta lamba 622.

Masu amfani da manhajar da ke fitar da lambar tabbatarwa a waya su sani lambar tana canzawa duk daƙiƙa 30, kuma da agogon waya ake lissafa ta. Idan agogon waya ya kauce, lambar ba za ta karɓu ba.

WhatsApp ta kwamfuta dabam take: ba ta da kalmar sirri, da waya ake haɗa ta ta hanyar ɗaukar hoton alamar da ke kan allo. Ana iya haɗa na'urori har huɗu. Idan wayar ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, kwamfutar za ta fita da kanta, sai an sake haɗawa.

MISALI

A ce wata ɗaliba ce a Wuro Patuji aka sa mata ganawar neman tallafin karatu da ƙarfe goma na safe. Da ƙarfe tara ta kunna kwamfutar da ta ara wurin yayanta, Zoom ta ƙi shiga. Ta ɗauke ta zuwa wani shagon intanet, ta ce, "Malam, don Allah a taimaka a canza mini kalmar sirri, ina da ganawa yanzu."

Mai shagon ya ce, "Ƙanwata, kada mu taɓa kalmar sirri tukuna. Buɗe wani shafi mu gani."

Shafin ya ƙi buɗuwa, ya nuna gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne. Data kuwa akwai. Sai ya nuna mata kusurwar allo: kwanan wata ya koma shekaru da dama baya. Aka gyara agogo, shafuka suka buɗu, Zoom ta nemi sabuntawa, aka sabunta. Da ta rubuta kalmar sirri aka sake ƙi. Ya tambaye ta, "Ran da kika buɗe asusun, me kika danna?" Ta tuna maɓallin Google ne. Ta danna shi, ta shiga, saura minti ashirin.

A wannan misali matsaloli uku ne suka haɗu, babu ko ɗaya da ya shafi kalmar sirri. Da ta fara da canza ta, da lokacin ya ƙare tana neman abin da bai ɓata ba.

Idan lokaci ya ƙure ba a gano matsalar ba, kada a zauna jugum. A buɗe mahaɗin gayyatar a burauza, gama Meet da Teams suna aiki ta nan, Zoom ma haka in mai taro ya ba da dama. In ya ƙi, a shiga ta wayar hannu. A kuma aika wa masu taro saƙo tun kafin lokaci ya cika.

GARGAƊI GAME DA 'YAN DAMFARA

Akwai wata dabara da ta yaɗu a ƙasar nan, wadda ta jingina da taron bidiyo. Wani zai kira mutum cikin ladabi, ya ambaci sunan ƙungiyarsu ta tsofaffin ɗalibai, ko ta masallaci ko coci, ko ta 'yan kasuwa. Zai ce, "Ranka ya daɗe, muna da taro ta bidiyo yau da dare. An turo maka lambar shiga, karanto mini in sa sunanka." Lambar da ta shigo kuwa ta tabbatar da WhatsApp ce. Da zarar an karanta masa, ya kwashe asusun, ya shiga neman kuɗi wurin 'yan'uwa da abokan arziki da sunan mai shi.

Jama'a su riƙe wannan ƙa'ida: lambar taro mai taro ne ke bai wa baƙo. Babu taron da baƙo ke karanta wa mai taro lamba. Lambar tabbatarwa kuwa ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne ko na gwamnati.

Wanda abin ya faɗa wa ya sake rajistar WhatsApp da lambar wayarsa nan da nan. Da ya shigar da sabuwar lambar da aka aiko, ɓarawon zai fita. In ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirri ta mataki biyu, mai asusu zai jira kwana 7. A sanar da dangi ta kiran waya kada su tura kuɗi, a kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko Hukumar EFCC. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga asusun wani ba da izini ba da kuma yin sojan gona da sunansa. Rigakafin shi ne kowa ya kunna tabbatarwa ta mataki biyu a WhatsApp tun yau.

A shagon intanet ko kwamfutar aro, mutum ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa, kada ya yarda kwamfuta ta adana ta, ya kuma fita daga asusu kafin ya tashi. Rufe allo kawai bai wadatar ba.

SHIRIN JAJIBERI

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai ganawa gobe ya yi waɗannan yau:

1. Ya sayi data ta gama-gari, ya tanadi layi na biyu.
2. Ya duba rana da wata da shekara da yankin lokaci.
3. Ya sabunta manhaja, ya shiga asusunsa, ya gwada kyamara da makirufo. Zoom tana da taron gwaji a zoom.us/test.
4. Ya tabbatar yana iya buɗe imel ɗinsa, layinsa kuma yana karɓar saƙo.
5. Ya cika batirin kwamfuta da na waya.
6. Ya rubuta lambar taro da lambar wayar masu taro a takarda.
7. Ya zauna gaban kwamfuta rabin sa'a kafin lokaci.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke faruwa idan aka danna maɓallin shiga?
2. Me ya sa WhatsApp ke iya aiki alhali Zoom ta ƙi?
3. Yaya kuskuren kwanan wata ke hana shiga asusu?
4. Mene ne bambancin lambar taro da lambar tabbatarwa?
5. Me mutum zai yi in an sace masa WhatsApp?

Ana roƙon malaman makarantu, da shugabannin ƙungiyoyi, da masu shagunan intanet, su karanta wa jama'arsu wannan darasi, musamman sashen 'yan damfara. Wanda ya iya ya koya wa maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.